Kada A Sakar Wa Ɗalibar Malanta Aji Ita Kaɗai

 Yau maganata a kan 'yammatan nan ce da matan aure waɗanda kolejojin horon malamai ke turo mana kowace shekara domin su yi gwajin koyarwa a makarantunmu na ƙasar Karaye da Rogo. Na tabbata kun sha ganinsu da sassafe a bakin hanya suna jiran mota ko babur, kowacce da babban littafi a hammata da kwali naɗe a hannu. 'Ya'yanku kuma sun sha komowa gida suna cewa, "Inna, yau an kawo mana sabuwar malama."

Abin da ba ku gani shi ne abin da ke faruwa bayan sun shiga ƙofar makaranta. A makarantu da dama, ranar da ɗaliba ta iso sai a miƙa mata alli da rajista da jadawali, a nuna mata aji, shi ke nan. Malamar da ke da ajin kuwa sai ta ɗauki zuwan baƙuwar nan tamkar hutu ne ya faɗo mata daga sama, ta koma ofis ko gindin darbejiya, wata ma ba a cika ganinta ba sai zango ya kusa ƙarewa. A ganina wannan al'ada ɓarna ce babba. Tana cutar yaranmu, tana cutar ita ɗalibar, tana kuma sa mu rasa malamai mata waɗanda muke matuƙar bukata. Ɗalibar malanta ta zo ne domin a koya mata aiki, kuma muddin babu wata gogaggiya zaune a bayan aji tana duba yadda take yi, to lalube kawai take yi a cikin duhu.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU

Wata za ta ce, ni da ba malama ba, ina ruwana da wannan? To, da ruwanki. A garuruwa irin su Zarewa da Fulatan da Beli, ko Yammedi da Kurugu, uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa makaranta bayan ta fara girma in ya san akwai malama mace a wurin. Ita ma yarinyar akwai larurar da ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa malami namiji ba, sai dai ta zauna a gida. Malamar da aka turo daga birni kuwa ba ta cika daɗewa ba, da zarar ta sami hanya sai ta nemi a mai da ita kusa da danginta. Wadda za ta zauna mana ita ce 'yar ƙasa, wadda gidan iyayenta ko ɗakin aurenta ke nan. Irin waɗannan su ne ke dawowa gida gwajin koyarwa, kuma makonnin nan na farko su ne ke sa ta so aikin ko ta tsane shi. Wadda aka bari yara suka raina ta, ta koma gida kullum muryarta a dushe, kanta na ciwo, ko ta karɓi takardarta a ƙasan akwati za ta ajiye ta.

Sakin sabon malami a aji shi kaɗai ba yau aka fara shi ba. A watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara sun cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa horar da su cikin gaggawa. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A wancan zamani takardar malanta mai daraja ta biyu ita ce makamin malamin firamare. Daga 1998 sai manufar ilmi ta ƙasa ta mai da NCE ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin, shi ya sa galibin waɗanda ke zuwa mana yanzu ɗaliban NCE ne 'yan shekara ta uku, waɗanda ke yin zango guda a makarantar da aka tura su. Takarda ta sauya suna, amma faɗuwar gaban da ke kama mutum ranar da ya fara tsayuwa gaban yara tana nan yadda take.

LITTAFIN SHIRIN DARASI

Babban littafin nan da kuke gani a hammatarsu shi ne littafin shirin darasi. Kafin malama ta shiga aji lalle ne ta rubuta a cikinsa abin da za ta koyar, da ajin, da tsawon lokaci, da manufar darasin, da abin da yara suka riga suka sani, da kayan da za ta yi aiki da su, da yadda za ta buɗe magana, da matakan da za ta bi ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyin da za ta auna fahimta da su, sa'an nan aikin gida. Wannan tsari yana da asali. Wani masanin ilmi ne Bajamushe mai suna Herbart, wanda ya rasu a 1841, ya kafa harsashinsa, almajiransa kuma suka mai da shi matakai biyar: a shirya zukatan yara, a gabatar da sabon abu, a haɗa shi da abin da suka sani, a fitar da ƙa'ida, a sa su yi aiki da ita. Hikimar abin duka ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani a kai shi ga abin da bai sani ba, kamar yadda mai saƙa ke ɗaure sabon zare a jikin tsoho.

To, a nan ne sabuwar malama ke fara tuntuɓe. Da yake ta san malamin kolejinsu zai zo ya duba littafin ya ba da maki, sai ta rubuta shi domin idonsa. Za ki ga shafi tsaf, an ja layi da jan biro, Turanci manya-manya, amma in kin bincika sai ki tarar daga littafin wata da ta gama bara aka kwafo, ko kuwa daga waya aka sauko da shi. Darasin da aka shirya wa yaran Legas yana kawo misali da fitilar ba da hannu ta kan titi, alhali kuwa yaronmu bai taɓa ganinta ba. Ga shi kuma yaran da ke zaune gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, sun san kifi da koma da kwalekwale da noman rani tun kafin su san harafi. Yaran Rogo sun san rake da mazarƙwaila, sun san mudu da tiya. Yarinyar da ke talla tana iya ba da canji da ka kafin malama ta gama rubuta lissafin a allo. Duk wannan dukiya ce da ke zube a cikin aji, amma shirin da aka kwafo bai san da ita ba.

Tuntuɓe na biyu shi ne gurbin nan da ake rubuta abin da yara suka riga suka sani. Ɗaliba za ta rubuta cewa yara sun iya ƙirga daga 1 zuwa 100, ko sun iya karanta gajerun jimloli, domin abin da manhaja ta ce ya kamata su iya ke nan. Ba ta gwada su ba, ba ta kuma da hanyar sani, tun da jiya ta zo. Wa ya sani? Malamar aji. Ita ta san cewa rabin ajin sun yi wata guda ba su zo ba lokacin girbi, ita ta san yaron da ba ya ji sosai da kunnen hagu, da yarinyar da ke zuwa ba ta karya kumallo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In mai ɗakin tana gindin bishiya, to a kan rairayi baƙuwa za ta yi gininta.

Na uku shi ne manufa da lokaci. Sabuwar malama takan rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su san rabi. Ta yaya za a ga sani a cikin kan yaro? Abin da ake iya gani shi ne yaro ya ɗauki kara ya raba shi gida biyu daidai, ya nuna wanda ake kira rabi. In an rubuta manufa ta haka, malama ta san abin da za ta duba. Lokaci kuwa, darasin firamare minti 30 ne ko 35. A ce ta ware minti 10 domin ta zaga ta duba aikin yara, ajin kuma yana da yara 80, irin wanda da yawa daga cikinmu muka saba da shi. Kowane yaro bai sami ko sakan 8 ba ke nan. Wannan lissafi ba ya zuwa wa mutum a kan teburin koleji. Gogaggiya ce za ta nuna mata yadda ake sa yara aiki benci-benci, a duba jeri biyu yau, jeri biyu gobe, a naɗa masu ƙoƙari su taimaki na kusa da su.

A GABAN AJI

Ko da shiri ya yi kyau, shiga aji wani abu ne dabam. Akwai abubuwan da kusan kowace sabuwar malama ke yi, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba ne, don tsoro ne. Takan yi sauri, ta gama darasin minti 35 a cikin minti 12, ta tsaya tana duban agogo, ko kuwa ta daɗe a gabatarwa har a buga ƙararrawa ba ta kai ga gundarin magana ba. Takan juya wa yara baya tana yi wa allo bayani. Takan kafe a wuri ɗaya kusa da tebur kamar an dasa ta. Takan kira yara huɗu ko biyar na gaba masu ɗaga hannu, 'yammatan da ke can baya kuwa su yi zango guda ba a ambaci sunansu ba. Takan kuma yi ta zuba Turanci ga 'yan aji biyu domin da shi ta rubuta shirin. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta yarda a fara koyar da ƙananan yara da harshensu, an kuma sha sauya magana a kan haka tun daga lokacin. Amma ko me hukuma ta zartar, yaron da bai fahimci abu da Hausa ba, haddar sunan abin da Turanci ba za ta amfane shi ba.

Mafi haɗari duka ita ce tambayar nan, "Kun gane?" Duk ajin sai su amsa baki ɗaya, "Eee, Malama!" Wannan amsa ladabi ce kawai, yaranmu an hore su kada su ce wa babba a'a. In ma ta yi tambaya ta gaske, ba ta jira. Wata malama Ba'amurkiya mai suna Mary Budd Rowe ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta gano malamai sukan jira kamar sakan 1 ne kacal bayan tambaya kafin su ba da amsar da kansu ko su kira wani. Da aka sa su jira sakan 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara magana. Ga sabuwar malama shirun sakan 3 ji yake kamar shekara, sai in akwai wadda za ta ce mata ta daure.

Bari in ba ku misalin da na gani da idona a wata makaranta a yankinmu. Ɗaliba ce mai natsuwa, littafinta babu abin kushewa, tana koyar da 'yan aji uku rabi da kwata. Ta zana da'ira a allo ta raba, ta yi bayani, ta tambaya ko sun gane, suka amsa har rufi na motsi. Ni ina zaune a benci na ƙarshe, daga inda nake kuwa allon ya koɗe, hasken taga na dukansa, zanen ba ya fitowa. Bayan an tashi na ce mata, "Malama, yara nawa kike jin sun gane?" Ta ce, "Duka, Malama, ai kin ji su." Sai na kira yara huɗu daga baya, na ba kowanne kara na ce ya raba shi rabi. Uku suka karya yadda suka ga dama, ɗaya har yana nuna mana "babban rabi" da "ƙaramin rabi". Ta yi shiru tana kallo. Kashegari sai ga ta da damin kara, kowane benci ta ba shi nasa, ta sa su karya su jera guntayen su gani ko tsawonsu ɗaya, wanda nasa bai yi daidai ba ya sake. Hayaniya ta yi yawa a ajin ranar, amma da ta kira na baya sai suka raba daidai. Maganar da ta kawo wannan gyara ba ta kai minti 10 ba. Da babu kowa a bencin baya, da ta koma koleji tana ganin darasinta ya yi kyau, ta kuma ci gaba da yin haka shekara da shekaru.

Haka batun bulala yake. Ɗalibar da aka bari ita kaɗai, in aji ya rikice mata, abu na farko da hannunta ke kaiwa gare shi shi ne tsumagiya, domin ba ta san wata dabara ba. Gogaggiya ta san cewa yawancin surutu daga hannun da ba shi da aiki yake fitowa, ta san kuma yin shiru a tsaya kusa da mai surutu ya fi tsawa aiki.

BABU SANA'AR DA AKE KOYO A KAƊAITA

Ku duba yadda muke yi a gidajenmu. Wace uwa ce ke miƙa wa 'yarta muciya da tukunyar tuwon mutum 20 ranar farko ta tafi unguwa? Sai yarinya ta daɗe tana kallo, sa'an nan a ba ta talge, sa'an nan ta tuƙa uwa na tsaye tana cewa rage wuta, ƙara gari. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara karantar da matan ƙauyuka ta hannun shugabanni mata da ake kira jaji, waɗanda sukan zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar, su kuma sake dawowa. A Jami'ar Stanford ta Amurka, a 1963, aka ƙirƙiro dabarar sa ɗalibin malanta ya koyar da ɗan gajeren darasi ga yara kaɗan, a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara ya sake. Kolejojinmu ma suna yin irin wannan kafin su turo ɗalibai, sai dai koyar da abokan karatunki manya waɗanda ke kwaikwayon yara bai yi kama da tsayuwa gaban yara na gaske ba. A Japan kuwa har malaman da suka daɗe a aiki sukan shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran na kallo, bayan nan su zauna su tattauna. In waɗanda suka ƙware suna neman idon ɗan'uwa, ina ga wadda ta fara jiya?

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na san abin da za a ce. Hedimasta zai ce malamai ba su ishe shi ba, yana da aji shida malamai huɗu, in ga ƙarin hannu ya zo ba zai tara biyu a aji ɗaya ya bar wani aji babu kowa ba. Wannan gaskiya ce, ba na kuma raina ta. Amma ko a irin wannan hali ana iya tsara jadawali yadda ɗaliba za ta sami mai kallonta a darasi ɗaya kowace rana, sauran ta yi ita kaɗai. Darasi ɗaya a rana ba zai rushe makaranta ba.

Wasu za su ce ai mu ma haka aka yi mana, kuma ga shi mun iya, da faɗawa ruwa ake koyon iyo. Masu wannan magana waɗanda suka fito ne kawai suke ƙirgawa. Ba sa ƙirga waɗanda suka bar aikin, da waɗanda suka zauna a cikinsa amma har yau darasinsu bai wuce kwafe rubutu a allo da "ku maimaita" ba. Ba sa kuma ƙirga yaran da aka koyi iyon a kansu, waɗanda zango guda na karatunsu ya salwanta.

Wasu kuma za su ce wannan aikin malamin koleji ne, shi ake biya. Malamin koleji yana da ɗalibai da yawa warwatse a garuruwa, daga Kano zuwa Zoza ko Ruwan Bago kuwa tafiya ce. In ya zo sau biyu ko uku a zango ya yi ƙoƙari, kuma ranar da aka san yana tafe akan share aji, a liƙa hotuna, a maimaita wa yara darasin da suka riga suka yi. Abin da yake gani kwalliyar ranar salla ce. Malamar aji ce kaɗai ke ganin ranar Talata ta yau da kullum.

Akwai wani uzuri da ba a faɗarsa a fili, ni kuwa zan faɗa. Takardar daraja ta biyu ce a hannuna, kuma na san akwai malamai irina da ke jin nauyin gyara wa wadda za ta fita da takardar da ta fi tasu, ko su ji tsoron a ce hassada ce. Wasu ɗaliban ma sukan zo da ɗaga kai. 'Yar'uwa, ki ajiye wannan. Ita tana da sabon karatu wanda ke ma za ki ƙaru da shi, ke kuma kina da sanin aji wanda babu littafin da ya ƙunshe shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano. Gina azuzuwa da sayen benci da ɗaukar malamai duk suna bukatar kuɗi da lokaci. Wannan gyara da nake magana a kai kuwa ko kwabo ba ya ci. Kamata ya yi a mako na farko ɗaliba ta zauna a baya ta kalli malamar aji, ta koyi sunayen yara, ta duba littattafansu. A mako na biyu a ba ta wani yanki na darasi, gabatarwa ko tambayoyin ƙarshe. Daga mako na uku ta ɗauki darasi cikakke, malamar aji ta karanta shirin tun jiya, ta zauna a baya, kada ta katse ta ko ta gyara mata a gaban yara. Bayan an tashi su keɓe na minti 10, a fara da abin da ya yi kyau, sa'an nan a ɗauki gyara ɗaya tak, domin wanda aka ɗora wa gyara goma ba ya riƙe ko ɗaya. Sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo suna iya sa hedimastoci su rubuta sunan malamar da aka danƙa wa kowace ɗaliba, yadda za a san wanda za a tambaya.

GARE KU

Ke uwargida, kina da naki rabon. Kada ki kira ta "'yar koyo" a gaban ɗanki, domin abin da ya ji a gida shi zai kai aji. In ya dawo, maimakon ki ce masa me aka koya muku, ki ce ya nuna miki, ki ba shi ƙuli-ƙuli ko kara ya raba rabi ki gani. In kin ji an yi makonni malamar ajin ba ta shiga, ki gaya wa maigida ya tayar da maganar a taron iyaye da malamai. In ɗaliba ta aiko neman murafen kwalba ko tsohon kwali ko gwangwani, ki ba da, kayan aiki ne. In kuwa ɗalibar a gidanku take, 'yarki ce ko matar ɗanki ko abokiyar zamanki, ki sani shirin darasi da dare ake yinsa bayan an gama aikin gida. Karɓar mata goyo na awa ɗaya ko sauya mata ranar girki alheri ne da zai isa ga yara da yawa.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, na san halinku, in sabuwar malama ta zo sai kun gwada ta kun ga iyakarta. Ku tuna yayarku ce, gobe kuma wata daga cikinku ce za ta tsaya a wurin gwiwoyinta na rawa. In ba ki gane ba, kada ki bi sahun masu cewa "eee". Ki ɗaga hannu ki ce, "Malama, a sake mini." Kin taimaki kanki, kin kuma taimake ta fiye da yadda kike zato. Wadda ke sha'awar aikin malanta ta fara tun yanzu: ki zaunar da ƙanenki minti 10, ki ƙudura abu ɗaya da kike so ya iya, ki koya masa, sa'an nan ki sa shi ya yi da hannunsa ki gani.

Ke kuma ƙanwata mai gwajin koyarwa, in babu wadda ta zo bayan ajinki, kada ki jira. Ki je ki sami wata dattijuwar malama ki gaishe ta, ki ce, "Malama, don Allah gobe ki zo ki duba ni, ki gaya mini gaskiya." Da wuya ki sami wadda za ta ƙi. Ki bar rabin shafi a ƙarshen kowane shiri, in kin fito ki rubuta abin da yara suka iya da abin da ya gagare su, da shi za ki gina darasin gobe. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya raya mana zuriya. Ina sauraron wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga malaman aji da ɗaliban da ke gwaji bana.